Guntun Ƙashi a Kwalba

Ga ka nan cikin kwalba a kan taga,
tsakanin tocila da carbina.
Tsawonka bai kai ɗan yatsa ba,
duk huji, kamar karan da gara ta ci.
Shekara arba'in da ɗaya kana ɗauke da ni,
yau da yatsa biyu nake ɗaga ka, ɗan guntun ƙashi.

Ka tuna dabinon Alhaji Nadabo,
doguwar macen nan ta bakin fadamar Kudai?
Ni na ɗaura mata aure, ni na hau duba nononta.
Igiyar da na ce gobe zan sake
ta ce ita ba ta san gobe ba.
Ban ji faɗuwa ba. Ƙara na ji,
irin ta busasshiyar zarɓa in an taka,
sai ga ƙwaurina ya leƙo waje yana kallona.
Na nemi salati, na samu nishi.

Baba Nomau ya zo da karansa da tsummansa.
Ba zan zage shi ba,
shi ya ɗora hannun Ilu, ga shi nan yana huɗa.
Ya ja, ya tofa, ya shafa man shanu, ya ɗaure,
ya ce kwana arba'in.
Amma tawa karayar da ƙofa a buɗe ta zo,
taɓon fadama ya riga shi shiga.
Ɓarawo na ciki, aka kulle ɗaki da shi.

Arba'in ta zama wata bakwai.
Wani ɗan baki ya buɗe a ƙwauri, ya ƙi rufuwa,
yana tsiyayar mugunya safe da yamma.
Zazzaɓi ya kama haya a jikina.
Hansai na turara ɗaki kafin baƙi su shigo,
wai don sauro.
Na san ba sauro ba ne. Ƙudaje ma sun sani.
Wari ya fi ƙarfin ƙamshi.

Tumaki biyu suka tafi, da buhun riɗi.
A Dala likita ya ɗaga hoto ga fitila,
ya nuna ka da bakin biro:
"Wannan ya mutu tun tuni.
Jini ba ya isa gare shi, balle magani.
Cuta ta mai da shi gida,
sabon ƙashi ya kewaye shi kamar kushewa.
Sai an fitar da gawa sauran za su huta."
Ni da na zo da tsoron a ce za a yanke,
na ji zancen jana'iza, na yi murmushi.

Suka sa ni barci. Na farka
ƙusa shida sun ratsa ƙafata,
sandar ƙarfe ta haɗa su a waje, da noti-noti.
Da na dawo, yaran unguwa suka cika zaure:
"Kawu, eriyar taka tana kama Kano?"
Hansai na wanke gindin kowace ƙusa
da dafaffen ruwan gishiri,
tana ƙirga ƙwayoyi a murfin kwano,
mako shida, ba fashi.

Baba Nomau ya zo dubiya.
Ya daɗe yana juya kwalbar nan a tafinsa.
"Hannuna bai taɓa jin wannan ba."
Ya yi shiru. Da ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa:
wace mota ake hawa zuwa can?
Akwai wani yaro a Madobi, in ji shi.

An cire ƙarafan ranar Talata.
Ƙafar ta gaza 'yar'uwarta da faɗin yatsa biyu.
Ilu ya hau doguwar da sabuwar igiya, ni na tufka ta,
ina ƙasa da sanda ina ihu: kama nan, taka can!
Ya jefo mini ɗaya, da sauran bauri. Na cinye.

Hansai ta ce in binne ka, jikin mutum ne.
Gaskiyarta. Gobe, a gindin dabinon.
Ka riga ni, sai ka riƙe mini wuri.
Sauran na nan tafe, amma kada ka tsaya jira a bakin hanya,
ina da sauran numfashi.